Shari'ar Ƙwayar Fis

Shafi na 17

Ƙwayar na zaune a tsakiyar farin faranti, koriya shar, zagayayya, babu ko alamar tsaga a jikinta. Sau uku aka wanke ta da sabulu, amma har yanzu babu wanda ya yarda ya matso da hancinsa kusa, don kowa a falon ya san daga inda ta fito.

Daga famfas ɗin Kumatu, jaririyar gidan, ta fito, da misalin ƙarfe tara na safe.

Tukuna na tsaye jikin ƙofa, hannunsa ɗaya a aljihu, ya damƙe wayarsa kamar za ta tsere. Direban bas ne, abokan aiki suka laƙaba masa wannan suna saboda ko ruwa aka miƙa masa sai ya ce "tsaya tukuna" ya yi nazari. Yau dai nazarin ne ya tsaya masa a wuya.

"Kowa ya zauna," in ji matarsa, Maman Kumatu.

Ta fito daga kicin riƙe da takardar da ke manne a jikin firij tun ranar da 'yarsu ta fara cin abinci. Yayarta, Anti Nas, wadda ta biyo daga asibiti don kawai ta sha shayi ta wuce, ta gyara zama a kujera, ta cire takalmi. Ta ga alamar zaman zai yi tsawo.

Baba Mai Agogo, mahaifin Tukuna, shi kaɗai ne bai san an fara shari'a ba. Yana kan tabarma, Kumatu a cinyarsa tana ja masa gemu.

"Baba, da kai nake."

"Ina jin ki, ɗiyata. Amaryar tawa ce take mini aski."

Maman Kumatu ta ɗaga takardar.

"Doka ta huɗu. Fis, koren waken nan. A dafa shi ya yi laushi, a murƙushe kowace ƙwaya kafin ta kai gaban yarinya. Kowace. Na ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar. Yaya, ba haka kika ce ba?"

"Haka na ce," in ji Anti Nas. "Yarinya 'yar wata goma, hanyar numfashinta kusan kaurin ƙaramin yatsanta ce. Abu zagayayye kamar wannan idan ya bi ta can, zama yake yi daram kamar murfin kwalba. Wannan dai Allah ya taimaka ya bi hanyar ciki."

"Ya bi, ya kuma fito da kansa ya ba da shaida," in ji Maman Kumatu. Ta juya ga surukinta, ta sassauta murya kamar yadda take yi idan za ta gaya wa mai kaya yadinsa bai isa ba. "Baba, jiya da safe ina shago. Kai ka ba ta abinci."

"Ni na ba ta."

"To?"

Baba ya zare gemunsa daga hannun jikarsa, ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, shekara arba'in da ɗaya ina gyaran agogo. Ban taɓa rufe bayan agogo na bar sukuru a kan tebur ba. Kin san yadda nake ba ta fis?"

"Na sani, Baba."

"Yayarki ba ta sani ba. Ina jera su a faranti guda goma sha biyu, a zagaye, kamar fuskar agogo. Sai na bi su da babban yatsa. Ƙarfe ɗaya, na danne. Ƙarfe biyu, na danne. Ba na ba ta ko ɗaya sai na kai sha biyu na sake dubawa. Jiya zagaye uku muka yi."

"Kwana ɗaya da rabi ke nan ta cinye a zama ɗaya," in ji Anti Nas.

"Ba ta ma ƙoshi ba."

Anti Nas ta yi dariya. Maman Kumatu ba ta yi ba.

"Baba, ba raina maka hankali nake ba. Amma mun yi magana tun farko. Na ce idan aka karya doka ɗaya daga cikin waɗannan, gidan raino za ta koma. Ka ce ka amince."

"Na amince."

Tukuna ya dubi mahaifinsa. Tun da tsohon ya rufe shagonsa ya dawo zama da su, safiyar nan daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya ita ce duk abin da ya rage masa. Saboda ita ya tattara ƙananan batura da sukurori da duk kayan aikinsa ya zuba a akwatin ƙarfe, ya sa kwaɗo, ya miƙa wa surukarsa makullin da hannunsa, don kada yarinya ta tsinci wani abu. Mutumin da ba ya iya cin abinci sai da buɗaɗɗen agogo a gefensa, wata huɗu ke nan bai taɓa hantsaki ba.

Shi kuwa Tukuna ya san abin da babu wanda ya sani a falon.

Jiya bas ɗinsa ta lalace, ya dawo gida da wuri. Ya tarar Baba ya shiga wanka, Kumatu na kujerarta ta cin abinci, ragowar dafaffen fis na tukunya. Ya ɗebo ya zauna yana murƙushe mata da bayan cokali. Ɗaya ta gangara ta tsaya a gabanta, lafiyayya. Kafin ya kai hannu, sai ya ga 'yarsa ta miƙa yatsu biyu, babba da manuni, ta ɗauke ta tsaf kamar mai zaɓen lu'ulu'u. Yarinyar da har shekaranjiya sai dai ta dumbuza da tafin hannu ta shafe fuska. Daɗi ya kama shi. Maimakon ya karɓe, sai ya zaro waya.

Ya ɗauki bidiyo. A cikin bidiyon, hannun ya tafi baki.

Tun jiya yake juya maganar. Idan mutum bai ba da abu ba, amma ya tsaya yana kallo aka ɗauka, shi ya bayar ko bai bayar ba? Idan kuma babu abin da ya faru, laifin yana nan ko ya narke? Har ya kusa kammala wa kansa hukunci mai sauƙi, sai ga famfas ya ɗaukaka ƙara.

Wani ɗan siririn fito ya ratsa falon. Fiiit.

"Butarki ta tafasa," in ji Anti Nas.

"Na kashe ta tun ɗazu."

"Agogon bangon nan ne," in ji Baba. "Tun safe nake jin sa. Mai yake so. Da an ba ni makulli..."

"Baba, kada mu canza magana." Maman Kumatu ta ninke takardar biyu. "Ranar Litinin zan je na yi mata rajista. Ba hukunci ba ne, kariya ce."

Baba ya sa hannu ya gyara wa Kumatu safar da ta zame, ya sake gyarawa, ko da yake ta riga ta zauna daidai.

"Tsaya tukuna," in ji Tukuna.

"Ga shi nan," in ji Anti Nas. "Na yi mamaki da aka kai wannan lokaci."

"Ina da tambaya."

"Baban Kumatu, ba yanzu ba."

"A ce mutum..."

"Wane mutum?"

"Wani mutum kawai. A ce yana tsaye a tasha, fasinja ya shiga motar da ba tasa ba. Shi bai tura shi ba. Bai kuma hana shi ba. Yana can yana..."

"Yana me?"

Ya ƙara damƙe wayar a aljihu.

"Yana ɗaukar bidiyo."

Maman Kumatu ta ajiye takardar a kan tebur a hankali, ta miƙa masa tafin hannu. Shekara shida da aure sun koya masa cewa wannan hannun ba ya komawa haka nan.

Ya zaro wayar ya ɗora.

Kawuna uku suka haɗu a kan wayar. Baba ya miƙo wuya daga tabarma. A cikin bidiyon aka ji muryar Tukuna yana raɗa, "Yauwa, yauwa, 'yar baba, ɗauki, ɗauki."

"Har zuga ta kake yi," in ji Anti Nas.

"Ƙarfafa gwiwa ne."

Amma Maman Kumatu ba ta ji su ba. Ta kai hannu ta rufe baki.

"Da yatsu biyu ta ɗauka?"

"Da yatsu biyu."

"Yaya, duba. Duba yadda ta ɗaga ƙaramin yatsan kamar wata hajiya mai shan shayi." Idonta ya ciko. Ta sake kunna bidiyon. Ta sake. A karo na uku ne ta ɗago kai, kuma fuskar da ta ɗago da ita ba ita ce ta sunkuya da ita ba.

"Wato 'yata ta fara ɗaukar abu da yatsu biyu, ban sani ba."

"Na so na gaya miki..."

"Ta sa fis guda a baki kana kallo, ban sani ba."

"Abin da sauri ya..."

"Ka kwana da wannan a aljihu, ka tashi, ka sha shayi kofi biyu, ka tsaya a ƙofa kana kallo ina tuhumar mahaifinka."

"Ina nazari ne."

"Da ta shaƙe fa? Me za ka yi? Ka ce mata tsaya tukuna?"

Anti Nas ta karɓe wayar daga hannun ƙanwarta kafin ta tashi sama.

"Direba, bari na tambaye ka don gaba. Da ta fara kakari tana tari, fuska ta yi ja, me za ka yi?"

"Na zura yatsa na ciro."

"Ka ji ko? Da ka tura shi ciki ke nan. Mai tari da ƙara numfashi take yi, ka bar ta ta fitar da kanta, kana kusa kana kallo. Wadda ta yi shiru, ba kuka ba tari, launinta na canzawa, ita ce ake kifawa a hannu a bubbuga tsakanin kafaɗu, wani kuma na kiran asibiti. Na koya muku wannan da 'yar tsana a falon nan."

"Ranar ina aiki."

"Ranar kana nan, kai ka riƙe 'yar tsanar. Ka tsaya tambayata ko tana jin zafi."

Tukuna ya sunkuyar da kai. Abin mamaki, sai ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau. Laifin ya koma wurin mai shi, tsoho ya tsira. Ko da za a hana shi riƙe cokali har yarinyar ta shiga makaranta, ya yarda.

"Miƙo wayar nan," in ji Baba.

"Baba, an gama. Ni ne."

"Na ce miƙo. Akwai yadda ake rage masa gudu?"

Anti Nas ta danna masa. Baba ya nisanta wayar daga fuskarsa, ya runtse ido ɗaya, irin kallon da yake yi wa agogon da mai shi ya rantse bai taɓa faɗuwa ba.

"Tsaya nan. Koma baya kaɗan. Yauwa. Kun gani?"

"Me?"

"Hannun ya je baki. Fis ɗin bai je ba. Ga shi nan ya suɓuce ta gefen haɓa. Ya shige wuya."

Suka sake haɗa kai. A hankali, kamar mai saukowa daga bene, ƙwayar ta gangaro daga leɓen Kumatu, ta bi haɓa, ta ɓace a cikin ninkin wuyanta na biyu. Bakin kuwa ya ci gaba da taunar iska da iyakar ƙarfinsa.

"Shi ne koren abin da na wanke mata a wuya jiya da yamma," in ji Maman Kumatu a hankali. "Ya dame kamar man shafawa."

Anti Nas ta kwanta jikin kujera tana dariya har da riƙe ciki.

"Direba, ko laifin ma ba ka iya shi ba."

"Amma niyyar..." in ji Tukuna.

"Niyyarka za mu dawo kanta," in ji matarsa. "Ba ka fita ba. Amma wannan," ta nuna farantin, "ba naka ba ne."

Sai a lokacin Tukuna ya gane abin da mahaifinsa ya yi. Ya juya ya dube shi. Tsohon ya wanke ɗansa tas, ya mayar da igiyar wuyansa da hannunsa.

"Baba, me ya sa ba ka yi shiru ba?"

"Agogo idan yana latti ba a cewa daidai yake don mai shi ya ji daɗi." Baba ya miƙa wa Anti Nas yarinyar, ya dafa gwiwa ya tashi. "Ɗiyata, wanda ake tuhuma yana da roƙo ɗaya."

"Ina ji, Baba."

"A ba ni makullin akwatina. Madubin idona kawai zan ɗauka, da hantsaki. Ina so na ga abin da zai raba ni da amaryata."

"Ba shi," in ji Anti Nas. "Yana da gaskiya. Sau da yawa ɓawon fis ne kawai yake fitowa, ko an murƙushe shi, ya kumbura kamar ba a taɓa shi ba. Iyaye sun sha kawo mana shi a leda suna kuka."

Maman Kumatu ta ciro makullin daga cikin jakar ɗinkinta. Baba ya shiga ɗaki, aka ji kwaɗo ya buɗe, aka ji ya rufe. Ya dawo ya miƙa mata makullin tun kafin ta tambaya. Ya ja kujera gaban tebur, ya maƙala ɗan baƙin madubin a idonsa na dama, fuskarsa ta tattare ta riƙe shi kamar jiya ya cire. Bayansa ma sai da ya miƙe.

"Kai, haska mini."

Tukuna ya kunna fitilar waya, ya sunkuya a kafaɗar mahaifinsa, kamar yadda ya sha yi a shago kafin ya zaɓi sitiyari.

Hantsakin ya kama ƙwayar. Baba ya matsa kaɗan.

Ba ta motsa ba.

Ya ƙara matsawa. Dafaffen fis da ya kwana a cikin mutum ya kamata ya ba da kai tun a taɓawar farko. Wannan ko gezau. Baba ya juya ta a hankali cikin hasken, sai Tukuna ya ga abin da ba ya buƙatar madubi: ɗan rami siriri, ya shiga ta gefe ɗaya ya fita ta ɗayan. Ramin zare.

Idon Baba na hagu, wanda babu madubi, ya tashi daga farantin ya tafi kusurwar falo. Tukuna ya bi shi da kallo. Can jikin taga mutum-mutumin ɗinki ke tsaye, sanye da doguwar rigar da Maman Kumatu ta kwaso daga shago take yi wa adon duwatsu, wadda za a zo karɓa gobe. Furanni koraye sun zagaye wuyan rigar, saura ɗaya. A ƙasa, kan 'yar gajeriyar kujerar da take ɗora ƙafa, ga ɗan kwanon duwatsun. Jiya da yamma nan ta zauna tana ɗinki, Kumatu na wasa a tabarma kusa da ƙafarta. Kwanon ya yi wata guda a wurin. Ba a taɓa damuwa da shi ba, don yarinyar ba ta iya ɗaukar ƙaramin abu ba.

Har zuwa jiya da rana.

Tukuna ya buɗe baki.

Baba ya taka masa ƙafa.

"To, Baba?" in ji Maman Kumatu.

Baba ya saki ƙwayar a tafin hannunsa, ya dunƙule, ya cire madubin.

"Fis ne."

"Guda?"

"Guda. Yanzu na tuna. Zagaye na uku, ƙarfe bakwai. An buga ƙofa, na waiga. Ina jin na tsallake zuwa takwas."

"Baba..." in ji Tukuna.

"Tsufa ne. Ido ya fara tafiya. Ɗiyata, kin yi gaskiya, ki kai ta ranar Litinin. Sai dai ki gaya musu ba ta son a goge mata baki da tsumma mai sanyi."

Maman Kumatu ta tsaya da takardar dokokinta a hannu. Ta yi nasara, amma fuskarta ba ta nuna ba.

"Ka yi haƙuri, Baba. Da yamma ai tana nan. Da ranakun hutu."

"Ai shi ke nan."

"Bari na sake ɗora ruwa," ta ce, ta shige kicin da sauri. Anti Nas ta bi ta da Kumatu a kafaɗa, tana cewa a bar tsohon ya huce.

Tukuna ya durƙusa gefen kujerar, ya rage murya.

"Baba, dutsen ɗinkinta ne."

"Na ga ramin kafin ka gani."

"To me ya sa?"

"Ka dubi idon matarka kuwa? Kwana huɗu tana kan rigar nan. Ita ta rubuta doka goma sha ɗaya, ita ta tafasa cokula, ita ta bi gidan nan da rarrafe tana neman abin da yarinya za ta tsinta. Ka ce mata daga ƙarƙashin ƙafarta abin ya fito? Ba za ta sake yarda da hannunta ba."

"Amma ƙarya ce."

"Ƙarya ce."

"Kuma kai za ka biya."

"Ni tsoho ne, laifi ba ya yi mini nauyi, na saba ɗauka. Abin ya shiga, ya fito, yarinya lafiya lau. Kai dai ka je ka ɗauke kwanon nan ka ɗora kan kabad. Magana ta ƙare."

"Tsaya tukuna. Idan aka ɓoye wa mutum kuskurensa don a tausaya masa, an taimake shi ko an mayar da shi yaro? Ni jiya na ɓoye abu ɗaya, da na faɗa da ta ɗauke kwanon tun..."

"Ka yi nazarin a hanya. Tashi."

Ya tashi. Taku biyar ne tsakanin tebur da taga. A na farko ya yanke zai faɗa. A na biyu ya tuna fuskarta lokacin da take kallon yatsun nan biyu, ya fasa. A na uku ya hango Baba ranar Litinin da ƙarfe takwas, zaune a tabarma shi da agogon bango. A na huɗu ya ga cewa ko ta ina aka bi, shi ne farkon layin. A na biyar ya sunkuya ya kai hannu.

"Kada ka taɓa mini wannan."

Tana bakin ƙofar kicin, tire a hannu.

"Zan ɗaga shi sama ne kawai."

"A ƙirge suke. Idan ka zubar, babu irinsu a kasuwa, na ƙarshe na saya." Ta ajiye tiren, ta zo ta karɓe kwanon. "Ai gara ma da ka tuna mini. Tunda ta fara tsintar abu, ba zai sake zama a ƙasa ba. Da wani ya gaya mini tun jiya..."

Ta watsa masa harara, ta karkata kwanon wajen haske, tana tura duwatsun da farce. Al'adarta ce, ba ta ajiye kwano sai ta ƙirga.

Leɓenta ya motsa. Ya tsaya. Ta sake farawa.

"Baban Kumatu, ka zubar?"

"Ban taɓa ba."

"Fure ɗaya ya rage, dutse tara yake ci. Tara na ware jiya da azahar." Ta duba ƙarƙashin kujerar, ta ɗaga bakin tabarma, ta girgiza gefen rigar. "Bakwai ne a nan."

Tukuna ya juya ya dubi mahaifinsa.

Baba na zaune yadda aka bar shi, hannunsa a dunƙule kan gwiwa. Amma fuskar ta canza. Mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya bai bar sukuru a tebur ba ya iya lissafi. Tara a cire bakwai. Ɗaya na tafin hannunsa.

"Baba," in ji Tukuna, kuma a karo na farko a rayuwarsa bai ce a tsaya ba. "Buɗe hannunka."

Tsohon ya dubi surukarsa, kallon mai neman gafara tun kafin ya yi magana. Ya miƙa hannun saman farin farantin, ya saki yatsu.

Ƙal.

Fis ba ya yin ƙara. Ƙwayar ta yi tsalle ɗaya, ta zagaya bakin farantin, ta faɗo ƙasa, ta gangara kan tayil har ta tsaya jikin babban yatsan ƙafar Maman Kumatu, ramin yana kallon sama.

Ta dube ta. Ta dubi kwanon da ke hannunta. Ta dubi furannin da ke wuyan rigar. Takardar dokokin na kan tebur, iskar fanka na ɗaga gefenta.

"Baba," ta ce, "ka sani, ka ce fis ne?"

"Na ɗauka guda ɗaya ne, ɗiyata."

Anti Nas ta fito daga kicin, Kumatu a hannunta tana wasa da abin wuyanta. Ta dubi fuskokin uku, ta dubi ƙasa, ta dubi kwanon. Ba ta buƙaci bayani ba.

"Nawa suka ɓata?"

"Biyu," in ji Tukuna.

"Ga ɗaya. Ina ɗayan?"

Fanka na juyawa. Agogon bango na tafiyarsa lafiya lau, ba ya neman mai.

Kumatu ta ga kowa ya zuba mata ido. Daɗi ya kama ta. Ta washe haƙoranta huɗu, ta rufe baki, ta ja numfashi ta hanci.

Fiiit.

"Kada wanda ya taɓa hancin nan," in ji Anti Nas. "Direba, ina makullin mota?"